Kujera Lamba Uku, Kusa da Taga

Shekara bakwai da auren Sarkin Layi, surukarsa ba ta taɓa faɗin aikinsa daidai ba ko sau ɗaya. Idan ƙawayenta suka tambaye ta me mijin 'yarta yake yi, wata rana ta ce gyaran waya, wata rana ta ce yana buga wa mutane takardu a kwamfuta. Ya taɓa ji da kunnensa tana ce wa wata, "A kamfanin motoci dai yake, amma ba su ba shi mota ba." Ba da mugunta take faɗa ba, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ɗayan surukin nata likitan haƙori ne, shi ba ta taɓa kuskuren faɗin aikinsa ba, har da hawa na nawa ofishinsa yake takan haɗa.

Maganar gaskiya, Sarkin Layi injiniyan manhaja ne a wani kamfanin manyan motocin fasinja masu dogon zango, kuma ba laifi ya iya aikinsa. Shi ke rubuta abin da ke sa kwamfutocin kamfanin su yi magana da juna. Gida uku ne kwamfutocin. Akwai manhajar da fasinja ke sayen tikiti da ita a wayarsa. Akwai ta kan teburin masu yankan tikiti a kowace tasha. Sai babbar, a hedikwata, wadda ke riƙe da jerin kujerun kowace mota, ta san wadda aka saya ta san wadda ba kowa.

Tun fil azal, duk wadda za ta sayar da kujera sai ta kira babbar ta tambaya, ta tsaya har ta ji amsa. Bara sai babbar ta ƙame wata safiya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sauran duk suka tsaya suna jiranta, tashoshi goma sha ɗaya suka yi cirko-cirko har azahar. Daga ranar nan bawan Allah ya samu abin wa'azi. Ya ce kiran nan da jiran amsa shi ne ciwon. Maganinsa layin saƙo: kowace manhaja ta yi aikinta, ta rubuta saƙo cewa ta yi, ta jefa a layi ta ƙara gaba, mai buƙata ya ɗauka idan ya samu sarari. A wajen cin abinci layi, a cikin lif layi, har mai gadi ya sha bayani. Ba a jima ba sunan ya bi shi, shi kuma maimakon ya ji haushi sai ya sa a ƙasan wasiƙunsa.

Ranar da za a yanke shawara aka taru a ɗakin taro na hawa na biyu, mai na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a cikin bokitin fenti. Sarkin Layi ya gwada alƙaluman allo huɗu kafin ya samu mai tawada, ya zana akwati uku, ya ja dogon bututu ɗaya a tsakiya, ya fitar da kibiyoyi. Zanen ya yi kyau, wannan kam ba mai musu.

Malama ce ta ɗaga hannu. Da can lissafi take koyarwa a sakandare kafin ta dawo wannan aiki, kuma har yau idan tana magana sai mutum ya ji kamar bai yi aikin gida ba.

"Ni ban ƙi layi ba," in ji ta. "Saƙon godiya, rasit, rahoton ƙarshen rana, duk a zuba su ciki. Ko gobe suka isa ba wanda zai mutu. Amma kujera fa? Mutum ɗaya take ɗauka. Kafin ka ce wa wani tasa ce, ka tambayi mai riƙe da jerin, ka tsaya ka ji amsa."

"Ka tsaya!" Sarkin Layi ya juya wajen Manaja yana ware hannuwa. "Ranka ya daɗe, ka ji ko? Tsayuwar nan ce ta kashe mu bara."

"To idan mutum biyu suka zaɓi kujera ɗaya kafin saƙon na farkon ya isa fa?"

"Rabin daƙiƙa, Malama. Cikin rabin daƙiƙa saƙo ya isa kowa ya sani. Sau dubu na gwada."

"A ofis ka gwada, da fasinjojin ƙarya masu ladabi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gama."

Aka yi dariya kaɗan. Shi bai yi ba.

Manaja mutum ne da ya gaji kamfanin daga mahaifinsa, ya san taya da man inji ciki da waje, amma abin da ya shafi kwamfuta da ido yake auna shi. Ya dubi zanen Sarkin Layi, ya dubi na Malama da ta yi a gefen allo, mai layuka iri biyu da wani ɗan rubutu a ƙasa. Ya kaɗa makullin motarsa.

"Manyan kamfanonin duniya, wanne suke yi?"

"Layi, ranka ya daɗe."

"Duka biyun suke yi," in ji Malama, "kowanne a inda ya dace."

Amma Manaja ya riga ya ji amsar da ta fi gajarta. Malama ta sauko ta ce to, aƙalla a yi layi biyu, ɗaya na kujeru shi kaɗai, ɗaya na sauran surutai. Sarkin Layi ya ce bututu biyu ɓata tsari ne, kuma ƙarin abin lura ne a banza. Ta rubuta masa doguwar wasiƙa da yamma, mai lamba ɗaya zuwa shida. Ya karanta gaisuwar kawai.

Wata huɗu aka yi ana gini. Aka sa Litinin ta farkon wata ranar buɗe sabon tsari.

Ana cikin haka surukar tasa ta zo ganin likitan ido, ta sauka a gidansu, ta yi mako uku a ɗakin 'yan biyu. Ita ta ce ranar Asabar za ta koma. Shi ya yi ta kawo dalilai, Asabar cunkoso, Lahadi direbobi a gajiye suke, har ta yarda da Litinin. Matarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ta san shi fiye da yadda yake so, ta bi shi kicin ta rufe ƙofa.

"Baban Biyu, ka saya mata tikitin nan tun yau. Ka san gwiwarta. In ba kujerar gaba ba ce ba ta iya miƙe ƙafa, in ba taga kuma amai take yi."

"Ranar Litinin da safe, a gabanta. Da yatsanta za ta danna."

"Don me?"

"Don ta gani."

Ta dube shi, sannan ta buɗe ƙofar ta fita. Ta san abin da yake so a gani, kuma ta ji tausayinsa.

Litinin ƙarfe bakwai da rabi ya jawo kujera kusa da surukarsa a teburin cin abinci, ya ture kofin shayi gefe, ya ajiye wayarsa a gabanta. Ga hoton cikin mota, kujeru jere, waɗanda ba kowa kore ne.

"Mama, wacce kike so?"

Ta gyara sabon gilashinta. "Ko wacce na nuna?"

"Ko wacce."

Ta ɗora yatsa a kan ta uku, gaba, jikin taga, ta danna da ƙarfi kamar za ta kashe kiyashi. Nan take kujerar ta koma ja, rubutu ya fito: kujera lamba uku taki ce, motar ƙarfe goma.

"Shi ke nan? Ba a je tasha ba?"

"Shi ke nan, Mama."

"Wa ya yi wannan abin?"

Shekara bakwai yake jiran tambayar nan. Ya so ya amsa a hankali, irin na manya, amma amsar ta riga shi fitowa. "Ni ne, Mama."

"Kai? Da hannunka?" Ta cire gilashin ta dube shi, ta mayar ta sake dubansa. "Me ma ake ce wa aikin?"

"Injiniyan manhaja."

Ta maimaita sau uku har ya zauna mata a baki. Matarsa tana ɗaure wa 'yan biyu takalma, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Shi kuwa daɗi ya cika shi har ya manta bai sha shayinsa ba.

Ya ɗauki izinin rabin yini don ya raka ta, ya rataya katin shaidar kamfani a wuya, ko da yake ba mai tambayarsa a tasha. Zauren jira ya sha ado, an ɗaura ƙyalle daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, an rubuta BA JIRA, BA WAHALA. Mama ta zauna a kujerun ƙarfen nan masu haɗe da juna, ba ta yi minti biyar ba ta buɗe hira da matar da ke gefenta, wata 'yar kasuwa mai buhun takalman yara.

"A waya kika sayi naki? To surukina ne ya yi abin. Injiniyan manhaja ne. Shi kaɗai ya zauna ya ƙera."

"Kai, Hajiya! Allah ya yi masa albarka."

Daga 'yar kasuwa labari ya wuce wajen wani tsohon soja, daga shi ya kai layin baya. Sarkin Layi yana tsaye nesa kaɗan wajen auna kaya, yana yi kamar bai ji ba, alhali kunnuwansa duka biyu suna can. Ita dai ba ta nuna shi da hannu ba, surukuta ta hana, shi kuma ya ƙudura sai an shiga mota zai bari a gane.

Goma saura kwata aka buɗe ƙofar mota. Ya riƙe jakar Mama a hannu ɗaya, ya tallafe ta da ɗayan ta hau matakalar. Suna shiga suka tarar da wani ƙaton mutum a kujera ta uku, ya cire takalmi, ya jingina kai da taga, har ya buɗe jarida.

"Malam, sannu. Ina jin ka yi kuskuren kujera," in ji Sarkin Layi cikin fara'a.

Mutumin ya zaro tikitin takarda daga aljihun gaba ya miƙa. Na teburin tasha ne, an buga shi ƙarfe takwas da minti goma. Lamba uku.

"Wataƙila mai yankan tikiti ne ya..."

"Don Allah a ba ni hanya, nan ce kujerata." Wata ɗaliba ce mai jakar goyo, ta ɗaga wayarta. Lamba uku, ja wur.

Bayanta tsohon sojan nan ne, ya miƙo tasa wayar ba tare da ya ce komai ba.

Kafin Sarkin Layi ya haɗiye miyau, hayaniya ta tashi a ɗaya gefen. Kujera ta ɗaya mutum biyar. Ta biyu mutum uku, ciki har da 'yar kasuwa da buhunta. Duk wanda aka ba zaɓi gaba ya zaɓa, to ga su nan kusan talatin a cushe a kan kujeru takwas, bayan mota kuwa wayam, sai wani dattijo shi kaɗai a kujerar ƙarshe yana cin ayaba yana kallo. Kwandasta ya karɓi tikiti huɗu ya jera a tafin hannu, ya duba, ya sake dubawa, ya kira direba. Direba ya leƙo, ya kashe inji, ya sauka ya tafi shan shayi.

Wayar Sarkin Layi ta yi ƙara. Malama ce. Ya juya baya ya kare baki da hannu.

"Sarki, kana ina?"

"Ina tasha. Me ke faruwa?"

"Ƙarfe bakwai Manaja ya sa a aika saƙon barka ga duk wanda ya taɓa hawa motarmu. Mutum dubu ɗari uku. Duk sun shiga layinka. Saƙon kowace kujera da aka saya tun safe yana bayansu yana jira. Waya ba ta san abin da tasha ta sayar ba, tasha ba ta san na waya ba, babbar kuma a wajenta duk motocin yau ba kowa a ciki."

"Rabin daƙiƙa ne fa..."

"Yanzu awa bakwai ne, in an yi sa'a."

"A cire na barkan! A goge su!"

"A cakuɗe suke da na kujerun. Bututu ɗaya ne. Lamba huɗu a wasiƙata." Da ta yi masa dariya ma da ya fi sauƙi, amma muryarta ba ko ɗigon murna. "Na rufe sayarwa ta waya. Tashoshi tara sun kira. Ka zo in ka samu fita."

Yana sauke wayar, sai wayoyin cikin motar suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya duba. Ɗalibar ce ta karanta da ƙarfi: "Muna yi muku barka da shigowa sabon tsari. Ba jira, ba wahala."

Abin da ya ƙarasa tunzura mutane ke nan. Ƙaton ya naɗe jaridarsa ya miƙe, kansa ya kusa taɓa rufi. Wani ya bugi jikin mota da tafin hannu. Ɗalibar tana da jarrabawa washegari, wani zai kai mahaifinsa asibiti, kowa da abin da ke jiransa, kowa na neman wanda zai kama. Kwandasta ya rantse shi ko kunna kwamfuta bai iya ba.

Mama tana tsaye a tsakiyar hanya, ta dafa kan kujera saboda gwiwa. Ta ji duk abin da Malama ta faɗa, don wayar tana da ƙara. Ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Wato abin naka ba ya tambaya kafin ya bayar?"

"Yana... daga baya yake faɗa, Mama."

"Daga baya." Ta gyaɗa kai a hankali. Babu wanda ya taɓa gane aikinsa sarai cikin kalma kaɗan haka, ko Manaja.

Sai 'yar kasuwa ta tafa hannu. "Ku tsaya! Ai wanda ya yi abin ba nesa yake ba. Hajiyar nan ta ce surukinta ne. Hajiya, ba ke kika faɗa ba? Injiniyan me ma?"

"Manhaja," in ji tsohon soja. Kalmar farko da ya furta ke nan tun da aka shiga motar.

Idanu suka bar Mama suka sauka a kan mutumin da ke riƙe da jakarta. Ƙaton ya tako ba takalmi, ya tsaya har Sarkin Layi yana jin numfashinsa a goshi. Ƙofa tana bayan mutum goma sha biyar. 

Mama ta juyo ta sa hannu a wuyan rigarsa kamar mai gyara masa kwala. Da yatsu biyu ta tura katin shaidar cikin rigar, ta ɓalla maɓallin sama, ta kakkaɓe masa kafaɗa.

"Wannan?" Ta yi 'yar dariya. "Haba, 'yar nan. Wancan daban ne, yana can babban ofishinsu, ko gaishe ni ba ya zuwa yi. Wannan mijin ƙaramar ne. Ba ya aikin komai, bawan Allah. 'Yata ce ke fita nema, shi yana kai yara makaranta ya ɗauko su."

Ƙaton ya dube shi daga sama har ƙasa. "Haka ne, ɗan'uwa?"

Sarkin Layi ya dubi Mama. Ba ta ko kalle shi ba, tana gyara mayafinta. Ya dubi hannun mutumin, ya dubi ƙofa.

"Haka ne," ya ce.

"Ayya," in ji 'yar kasuwa. "Ga shi kuwa da kamala."

Nan take fushin ya koma kan wancan surukin na babban ofis, aka yi masa tatas, shi da wanda ya koya masa aiki da wanda ya ɗauke shi. Mama tana taya su da "Ai kuwa" a inda ya dace. Ƙaton ya tausaya wa tsohuwar da Allah ya haɗa da surukai biyu irin waɗannan, ya kwashe takalmansa ya ce ta zauna a kujerar, shi zai koma baya. Ɗalibar da soja ba su yi musu ba. Mai yankan tikiti ya shigo da biro da bayan wani kwali, yana kiran lamba yana tambayar wa zai zauna, sai ya ji amsa sannan ya rubuta. Cikin minti ashirin kowa ya samu wuri, direba ya dawo yana goge baki.

Sarkin Layi ya ɗora jakar Mama a sama, ya durƙusa ya yi mata sallama. Zai sauka ke nan ƙaton ya kira shi daga baya, ya taso musamman ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka zauna haka, ɗan'uwa. Namiji ne kai. Ka koyi wani abu, ko gyaran famfo ne. Allah ya kawo maka aikin yi."

Duk motar ta ce amin. Mama ta jira, tana dubansa ta saman gilashi, har sai da shi ma ya ce amin.